Jan Farce a Gindin Kwano

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fito da makarar Yaya Habibu daga zauren gidanmu na Gyadi-Gyadi. Duk shekara idan watan ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa sai sun aiko a ce in rubuta wani abu a kansa, ni kuwa in yi ta zillewa, don ni tsohuwar malamar firamare ce, alli na sani ba jarida ba. Bana ba wanda ya roƙe ni. Ni na ɗauko biro da kaina, saboda raina a ɓace yake, kuma wanda nake so in kai wa ƙarar ba ya duniya. Maƙwabciyarmu Maman Ngozi, wadda muka yi shekara sama da arba'in ƙofarmu na kallon tata, ta nemi ɗakin haya a unguwar nan ta rasa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, kuma da Yaya yana raye shi ma da ya hana shi.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya malamin jami'a ne, fanninsa nazarin zamantakewar jama'a. Mutanen unguwa Dakta suke ce masa, har akan kawo masa jariri mai zazzaɓi ya yi ta rantsuwa cewa bai iya allura ba. Inna, mahaifiyarmu, har ta koma ga Allah ba ta gane wannan aiki ba. In baƙi suka tambaye ta me ɗanta yake koyarwa, sai ta taɓe baki ta ce, "Sa-ido. Shi aka tura shi Amurka ya karanto." Shi kuwa ya yi ta dariya, ya ce Inna ta fi shugaban sashensu iya bayani.

A Amurkan nan ya gamu da abin da ya bi shi har kabari. Ya sha ba ni labarin yadda ya nemi ɗaki yana sabon zuwa. Zai buga waya a ce masa ɗaki yana nan, ya taho ya gani. Ya saka kwat ɗinsa ɗaya tilo ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai gidan tana buɗewa ta ga fuskarsa sai ta ce ai yanzun nan wani ya kama. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ƙarshe wasu tsofaffi baƙaƙen fata suka ba shi ɗaki a gidansu, a bakinsu ya ji yadda aka yi ta gwagwarmaya kafin baƙin mutum ya zauna inda ya ga dama a mota, ko ya jefa ƙuri'a ba a kore shi ba. Da ya dawo mun zaci Turawa zai yi ta zagi. Ina! Mu ya juyo wa. Ya ce mini, "Rabi, mu ma muna da irin tamu ƙofar. Su fata suke dubawa, mu kuwa sai mu ce, ɗan ina ne?" A lokacin haushinsa na ji, na ce wato ya je ya sha ruwan wasu ya dawo yana kushe mu.

A kan wannan tambaya ya ƙare rayuwarsa. Wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, kuma shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina nuna masa hanyar garinsu. Ba mutanen Kudu kaɗai yake nufi ba. Har direba da lebura da suka baro ƙauye suka zo neman abinci ana kiransu 'yan ci-rani bayan sun aurar da 'ya'ya a nan, har gidajen da ake raɗa cewa kakansu bawa ne. Sai dai Yaya bai yarda da bakin mutane ba. Ya ce in ka tsare mutum ka tambaye shi yaya zamanku da maƙwabta, kowa lafiya lau zai ce, har wanda ba ya amsa sallamarsu. Don haka ya nemi abin da ba ya ƙarya, ya same shi a madafa.

Matan zamaninmu sun san abin da nake faɗa. Ran Sallah, ko suna, ko in an yi girki na marmari, akan zuba a kwano a kai maƙwabta. Kwanon ba ya dawowa a ranar, kuma ba ya dawowa fanko. Sai ya kwana biyu, wani lokacin har wata, sai ranar da matar gidan ta yi abin da ya isa a gani ta zuba ta mayar. Saboda kwanukan duk iri ɗaya ne, langa da samira na kasuwa ɗaya, kowace mace takan yi wa nata shaida a gindi da jan farce ko fenti, don kada su ɓace. Namu layi biyu ne ja. Yaya ya ce in kana son sanin wa ke tare da wa a unguwa, kifa kwanuka ka duba gindinsu. Shi namiji ne, gidajen matan aure ba shiga, sai ya zamana ni ce idonsa. Ina budurwa, daga baya ina matar aure da goyo, na zaga gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni da sunan gaisuwa, ina taya wanke-wanke ina leƙen gindin kwano. In na dawo ya zaunar da ni a zaure ya yi ta tambaya, har sai na ce masa wallahi na gaji, ya je ya auri mai haƙuri ta yi masa. Ɗalibansa a ɓoye Dakta Kwano suke kiransa, ya sani, bai taɓa nuna ya ji ba.

A gidanmu shaidar da ta fi yawa bayan tamu ita ce ɗigo uku na shuɗin fenti. Ta Maman Ngozi ce. Amarya aka kawo ta daga ƙasar Ibo, ba ta jin ko "zo" da Hausa, mijinta yana gyaran rediyo a bakin titin Zariya. Inna ce ta fara aika mata da tuwo da miyar kuka ranar da ta ga hayaƙi bai tashi a gidan ba. Bayan kwanaki kwanon ya dawo da doya da wata miya mai yaji da ta sa mu duka hawaye, muka cinye tas. Daga nan kwano bai sake tsayawa ba. Maman Ngozi ce ta kama ni ranar haihuwata ta fari kafin ungozoma ta iso. Hausarta ta nuna har ta fi tawa zagi. In Kirsimeti ya gabato, Baban Ngozi da kansa yake rungumo kaji ya kawo zaurenmu Yaya ya yanka, don kada wani a layin ya ce ba zai ci ba. Ba wanda ya ce masa ya yi hakan.

Sau biyu a zamana gari ya rikice har aka shiga farautar mutane da sunansu. Ba na son tuna kwanakin nan. Abin da zan faɗa kawai shi ne, da rana tsaka Inna ta yafa mayafi ta tsallaka ta kwaso Maman Ngozi da 'ya'yanta ta saka su a ƙuryar ɗakinta, Yaya kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna, bai tashi ba sai da ƙura ta lafa. Bayan haka ya bi layi-layi yana tambaya, ya tarar yawancin inda aka buɗe wa mutane ƙofa, gidajen da kwano ke shiga da fita ne. Na zaci zai yi murna tunda maganarsa ta fito. Ko kaɗan. Ya ce tsoro ma abin ya ba shi, domin ran mutum bai kamata ya rataya a kan ko maƙwabciya tana sonsa ba. Kwano yana da kyau, amma sai hukuma ta tsaya wa mutum ranar da maƙwabcinsa ya juya masa baya, ta ce duk wanda ya zauna a wuri yana da haƙƙin haya da makaranta da aiki kamar kowa. Wannan ya yi ta faɗa a aji da rediyo da tarurruka har muryarsa ta dishe. Ya sha zagi a kai. An ce ɗan boko ne, an ce kuɗin waje yake ci, alhali motarsa sai an tura take tashi.

To, ga inda muke yau. Baban Ngozi ya rasu shekara uku bayan Yaya, a Kano aka binne shi don haka ya bar wasiyya. 'Ya'yan sun watse, Ngozi tana aure a Inugu, mazan suna Legas. Ita ta ce ba inda za ta. Sai bara magadan mai gidan da take haya suka sayar da shi, wanda ya saya kuma shaguna zai gina. Ban ga laifinsa ba, gidansa ne, ya ma ba ta lokaci. Muka ce ai abu mai sauƙi ne, ɗaki da falo a nan kusa, tsohuwa ɗaya ba ta da hayaniya. Muka shiga a-daidaita-sahu ni da ita, gwiwoyinmu duka sun gaji, muka zaga Tarauni da Ƙauyen Alu da Darmanawa, har Hotoro muka leƙa.

Ita take buga wa dillalai waya. Su ji Hausa tsantsa ta tsohuwar Kano, su ce Hajiya ai gida yana nan, ki taho. Mu je, su gan ta da ɗankwali ba mayafi, ko su tambayi sunan da za a rubuta, sai fuska ta canza. Wani ya ce an riga an bayar da safe. Wani ya ce mai gidan ya yi tafiya. Wani yaro da bai kai ɗan autana ba ya dube ta ya ce, "Mama, me zai hana ki duba Sabon Gari? Can za ki fi sakewa cikin 'yan uwanki." Matar da ba ta taɓa kwana a Sabon Gari ba, sai dai ta je coci ta dawo! Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta dafa hannuna ta ce in rabu da shi. A hanyar dawowa na tuna da Yaya da kwat ɗinsa a ƙofar Baturiya, na kasa daurewa. Allah ya sani a cikin a-daidaita-sahun nan na yi kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ana cikin haka aka yi taron tunawa da Yaya na bana. An kama babban ɗakin taro, an buga hotonsa ƙato a bango, an zaunar da ni a gaba. Masu jawabi sun yi ta yabonsa, sun ce ya riga zamaninsa, sun ce littattafansa har a ƙasashen waje ana karanta su. Na yarda, na kuma gode. Wanda ya fi kowa iya magana a ranar wani tsohon ɗalibinsa ne, ba zan kama sunansa ba, yanzu babban mutum ne, kuma na san yana da gidajen haya a Darmanawa. Har labarin kwanuka ya bayar, jama'a suka yi tafi. Ina kallonsa ina tuna shi yana saurayi a zaurenmu, ya naɗe hannun riga yana kwasar shinkafar Kirsimetin Maman Ngozi. Na ce alhamdu lillahi, nesa ta zo kusa. Da aka tashi na tare shi na gaya masa halin da ake ciki.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Gwaggo, ni ba ni da matsala, kin san tarbiyyar Malam ce. Sai dai sauran 'yan hayar nake ji. In na saka ta za su ce za a riƙa kawo musu baƙin abubuwa, wasu ma su tashi. Ki ɗan ba ni lokaci."

Na ce, "Alhaji, shinkafarta da ka ci ba baƙuwa ba ce?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce Gwaggo har yanzu ba ki canza ba, ya sa aka miƙo mini abinci a robar nan ta ci-ka-yar. Har yau lokacin da ya nema bai cika ba.

Robar nan na riƙe a cinyata har gida ina kallonta, ina tunanin me Yaya zai ce da ya ga zamaninta. Yanzu ko a layinmu, in ma an tuna da maƙwabci ran Sallah, a roba ko leda ake kai masa. Ta fi tsafta, ta fi sauƙi, ba a rigimar kwano ya ɓata. Amma ba ta dawowa, ba ta kuma sa kowa ya ƙwanƙwasa ƙofar wani karo na biyu. Katangu sun yi tsawo, an ɗora musu waya mai ƙaya. Kowa da malaminsa ko fastonsa a cikin wayar hannu yana gaya masa abincin wa zai ci, na wa ba zai ci ba. Jikokina ba su san sunan yaran gida na uku daga namu ba. Da Yaya zai dawo ya aike ni leƙen gindin kwano, hannu rabbana zan dawo masa. Dokar da ya ƙare muryarsa a kanta kuwa, an ce tana rubuce a wani wuri, amma ni ban gamu da ita a ƙofar dillali ko ɗaya ba.

Na ce wa Maman Ngozi ta dawo ɗakin Inna, tunda ba kowa a ciki, mu ƙarasa tare. Da gaske nake, har na sa an share. Ta ce, "Rabi, na taɓa ɓuya a ɗakin nan, Allah ya saka wa Inna. Amma ba zan ƙare rayuwata a ɓoye ba. Ƙofata nake so, in buɗe da safe in gaishe ki kamar kullum." Na san Yaya da ya ji ta, da ya ce maganarsa ke nan ta shekara talatin, ta faɗe ta a numfashi ɗaya. Ngozi kuwa kullum tana waya tana kuka a kan uwarta ta taho. Uwar kuma ta ce mini ko biki ta je can, 'yar Hausa suke kiranta, suna dariyar yadda take ɗaura zani. A ƙarshe dai ta haƙura, ta bar kabarin mijinta a nan, ta tafi inda za ta sake zama baƙuwa da furfura.

Ana gobe za ta tafi, da hantsi, ta shigo da kanta ɗauke da kwanukanmu a kan tire. Duk masu layi biyu ja, wasu tun na Inna, sun sha wanki suna ƙyalli. Na ɗaga murfin na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Tunda muke da ita ba ta taɓa mayar mini da kwano fanko ba, kuma ba sai ta yi bayani ba, na san sallama ce. Ta ce in ba ta nata ta haɗa da kaya. Na shiga madafa na tattaro masu shuɗin ɗigo na kawo mata, amma na bar wata langa fara mai murfi a bayan tukunya. Ta ƙirga da ido, ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Ba ki da sauran komai a gidan nan." Ta ce, "To, Rabi." Sai bayan motarsu ta tashi, ina jera nawa a kantar kwanuka, na ga samirar Inna koriya ba ta cikinsu. Na duba na sake dubawa. Ashe ita ma ta yi mini irin abin da na yi mata.

Yanzu in na leƙa ƙofar gida, tubali da yashi nake gani inda ɗakinta yake. Mutane suna tambayata me Yaya ya bari. Littattafai suna nan, ɗalibai suna nan, ana ambaton sunansa a taro ana tafi. Ban raina ba, Allah ya kai ladan kabarinsa, ya jiƙansa da Inna. Amma gaskiyar da zan faɗa ita ce, abin da ya ji wa tsoro ya faru a ƙofar gidansa, ga matar da ya zauna a tabarma yana gadi, kuma waɗanda suka haddace maganarsa suna kallo. Abin da ya rage mini nasa a hannu shi ne wannan ɗabi'a da ya cusa mini, duk gidan da na shiga sai hannuna ya kai ga gindin kwano. A nawa gidan yanzu shaidar waje ɗaya ce tak ta rage.

Muna waya da ita ranar Lahadi in ta dawo daga coci. Takan ce, "Rabi, samirarki tana nan, ban sami abin da ya isa in zuba ba tukuna." In ce mata ni ma langarta tana nan, sai na yi girki na kirki. Mu yi dariya, alhali kowaccenmu ta san shekarunta, ta san nisan Kano da Inugu. Jiya na kira 'yata Hadiza na nuna mata langar, na kifa ta na nuna mata ɗigo ukun. Na ce ranar da na cika, kafin a taɓa kayana a ce za a raba, ta soya nama ta cika ta har murfi, ta nemi mota ta kai wa Maman Ngozi da hannunta. In ta tarar ita ma ta cika, ta ba Ngozi. Kada ta kuskura ta mayar da ita fanko.